Rani Ne Ke Cika Motocin Kumasi

Duk wanda ya saba fitowa sallar asuba a unguwannin Aboabo ko Asawase na Kumasi ya san lokacin da aka gama girbi a arewacin Ghana, ko da bai duba kalanda ba. Daga watan Nuwamba zuwa Janairu motocin Tamale da Walewale da Bolgatanga sukan shigo Kumasi cike da samari da 'yan mata, kowa da ƙullin kayansa, kuma ba a kwana biyu sai ka ga 'yan matan a kasuwar Kejetia da kwanon dako a ka. Mutanen gari suna ce musu kayayei, kalmar da rabinta tamu ce, wato kaya, ɗaya rabin kuma na mutanen Ga. Mu kuwa tun zamanin kakanni muna da sunan wannan tafiya, muna ce mata cin rani. Wanda ya raɗa sunan ya fi yawancin masu tsara manufofinmu fahimtar matsalar, domin ya ambaci rani, bai ambaci ƙauye ba.

Akwai wata yarinya da ke yi wa maƙwabciyarmu Hajiya ɗaukar kayan miya daga kasuwa. Wata rana na tarar da ita a ƙofar gida tana shan ruwa, na ce mata, "'Yata, me ya raba ki da gida har kika zo nan kina ɗaukar kayan da suka fi ki nauyi?" Ta sunkuyar da kai ta ce, "Baba, mun gama cire gyaɗa, mun kai masara rumbu, daga nan sai zama har ruwa ya sauka. Zaman kuwa ba ya sayen sabulu." Ban taɓa jin an taƙaita matsalar aikin yi a karkara da kalmomi kaɗan haka ba. Yarinyar ba ta ƙi garinsu ba, ba ta kuma yi sha'awar kwana a rumfar kasuwa ba. Abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ya fi wutar zafi.

A kowace shekarar zaɓe ana yi wa ƙauyuka alkawarin aikin yi, kuma kusan kullum siffar alkawarin ɗaya ce: za a gina masana'anta, za ta ɗauki matasa, za a daina tururuwa zuwa birni. Ni ban yarda da wannan jeri ba. A ganina masana'anta ita ce ta ƙarshe a cikin abubuwan da ke haifar da aiki a karkara, kuma duk ƙasar da ta fara da ita ta fara gini ne daga rufi. Aiki a ƙauye yana tsirowa ne daga ranar da manomi ya sami abin sayarwa a watannin da a da yake zaune, ya kuma sami wanda zai saya ya biya shi a kan lokaci.

A duba yadda Allah ya raba ruwa a ƙasar nan. Manomin Offinso ko Ejura yana da damina biyu, yana iya shuka masara sau biyu a shekara. Manomin Walewale ko Tumu damina ɗaya gare shi, daga wajen Mayu zuwa Oktoba, sai hunturu ya shigo, sai bazara ta biyo da zafinta. Wata shida ko fiye ƙasa a bushe take, hannu kuma a sake. Ƙidayar 2021 ta nuna cewa mun haura miliyan talatin, kuma fiye da kashi 40 cikin ɗari suna zaune ne a karkara. Idan babban ɓangare na waɗannan mutane ba su da aiki rabin shekara, to ba lalaci ne ya hana su ba, kuma ba rashin takardar makaranta ba ne. Haka abin yake a Sakkwato da Maraɗi da Ouahigouya, duk inda damina take zuwa sau ɗaya.

Tarihi ma ya sa hannunsa. Turawan mulkin mallaka sun riƙe arewacin ƙasar nan a matsayin wurin ɗibar 'yan ƙwadago don ma'adinan zinariya da gonakin koko na kudu. Jirgin ƙasa ya iso Kumasi a 1903, ya tsaya, har yau bai wuce zuwa Tamale ba. Kafin wannan kuwa Salaga babbar kasuwa ce, fatake daga Kano da Katsina suna zuwa da jakuna su sayi goro, garin yana cike da masu masauki da dillalai da mahauta da marina. Da hanyar ciniki ta kauce, ga kuma yaƙin basasa na 1892, sai garin ya watse, mutanensa suka bazu zuwa Kete Krachi da Kumasi da Accra, wasunmu jikokinsu ne. Salaga ba ta taɓa samun masana'anta ba, amma ta ciyar da dubban mutane, saboda mai saye da mai sayarwa suna haɗuwa a cikinta.

Saboda haka nake sa ruwan rani a gaba da kome. Wanda ya taɓa zuwa Tono kusa da Navrongo, ko Vea kusa da Bolgatanga, ko Bontanga a yankin Kumbungu cikin watan Fabrairu ya ga bambancin da idonsa. Ko'ina ja ne da ƙura, sai ka iso gefen madatsar ruwa ka tarar da kore shar, mata suna dashen shinkafa, yara suna korar tsuntsaye, samari suna loda buhuna. Waɗannan madatsu tsofaffi ne, an gina su shekaru da dama da suka wuce, kuma filin da suke shayarwa bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da faɗin arewa. Gwamnatin da ta hau a 2017 ta gane matsalar har ta yi alkawarin madatsa ga kowane ƙauye, kuma tunanin daidai ne. Sai dai da yawa daga cikin abin da aka haƙa ramuka ne marasa zurfi, waɗanda kan ƙafe kafin rani ya kai tsakiya, su shayar da shanu na ɗan lokaci amma ba su isa lambu ba. Babbar madatsar Pwalugu da aka aza harsashinta a 2019 har yanzu ba a ga ruwanta ba. Kowace shekara kuma, idan maƙwabtanmu na Burkina Faso suka buɗe madatsar Bagre a ƙarshen damina, ruwan yakan mamaye gonakin da ke bakin kogin Volta ya cinye amfanin gona, sa'an nan ya wuce. Ruwan da ya yi mana ɓarna a Satumba shi ne muke kuka da rashinsa a Maris.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne tumatir da albasa. Burkina Faso ta fi mu bushewa, amma a rani motocinmu ne ke tsallaka iyakar Paga su je su yi lodin tumatir a can, domin su sun cika ƙasarsu da ƙananan madatsu da rijiyoyin lambu. Albasar da ake sauke wa a Kwadaso a nan Kumasi, da wadda ake sauke wa a Adjen Kotoku tun da aka tashi 'yan albasa daga Agbogbloshie a 2021, yawancinta daga Nijar take zuwa, daga Galmi da Agadas, ƙasar da fiye da rabinta hamada ce. Da aka rufe iyakoki bayan juyin mulkin Nijar a Yulin 2023, kowace uwar gida a Zango ta ji a jikinta. Ba na baƙin ciki da cinikin, 'yan'uwanmu ne ke yin sa, kuma da shi gidaje da yawa a Zango suke ci. Amma kowane kwandon tumatir da ya tsallako iyaka yana ɗauke da aikin mai reno da mai dashe da mai ban ruwa da mai tsinka da mai saƙa kwando, kuma dukansu a wancan gefen aka biya su, alhali Bawku ma ta san noman albasa tun da daɗewa.

Yanzu a juyo kan masana'antun. A Pwalugu akwai masana'antar tumatir tun shekarun 1960. Ta yi aiki, ta tsaya, aka farfaɗo da ita da sabon suna a shekarun 2000, ta sake tsayawa. Masana'antar nama ta Zuarungu kango ce. A Komenda an sake gina masana'antar sukari da bashin dala miliyan 35 daga Indiya, aka yi bikin buɗe ta a 2016, amma babu isasshen rake da zai ciyar da ita, sai injuna suka zauna shekara da shekaru. Masana'antar sitacin rogo ta Ayensu a Bawjiase ta sha irin wannan tashi da faɗuwa. Kada a ce halin Ghana ne kawai, domin a Kadawa ta jihar Kano an buɗe babbar masana'antar tumatir ta Dangote a 2016, ita ma ta yi ta rufewa da buɗewa saboda ƙarancin tumatir. Gwamnatoci daban-daban, jam'iyyu daban-daban, har da ɗan kasuwa mai ƙarfi, amma ciwon iri ɗaya.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne ga wanda ya san kasuwa. Inji babba yana son kaya kullum, da yawa, da araha, iri ɗaya. Ƙaramin manomi kuwa yana da kaya na 'yan makonni, kaɗan, kuma idan matan kasuwa suka zo da kuɗi a hannu suka ba shi farashin da ya fi na masana'anta, ba zai tsaya jiran takardar biya ba, kuma babu mai hankalin da zai zarge shi. Idan kaya ya yi yawa a kaka masana'anta ta samu, idan ya yanke ta zauna, amma ruwan bashin da aka gina ta da shi ba ya zama, albashin masu gadi da na manaja ba ya zama. Bayan shekara biyu ko uku sai a ce an yi rashin kulawa, ko a ce 'yan adawa ne suka yi zagon ƙasa, alhali lissafin tun farko bai fita ba. Masana'anta tana rayuwa ne a inda amfanin gona ya riga ya yi yawa har yana ruɓewa don rashin mai saye. Ba ita ke haifar da yalwa ba, yalwa ce ke kiran ta.

Wanda ke son ganin jerin da ya dace ya je Kura a jihar Kano. Ruwan madatsar Tiga ya fara zuwa, noman shinkafa na rani ya kafu, sai mata suka shiga turara shinkafa, sai ƙananan injunan casa suka cika gari ɗaya bayan ɗaya, kowanne na wani mutum ne da kuɗin aljihunsa, sai 'yan dako da masu ɗinkin buhu da masu gyaran inji da masu abinci suka biyo. A ƙasar Sin ma, bayan 1978 abin da aka fara yi shi ne sakar wa iyalai gonaki su noma su sayar da rarar. Da kuɗi ya shiga hannun manoma sai ƙananan masana'antun ƙauyuka suka bunƙasa, har suka ɗauki mutane fiye da miliyan ɗari a shekarun 1990. A Anand ta jihar Gujarat a Indiya, ƙungiyar masu madara da aka kafa a 1946, wadda ta zama Amul, ta ginu ne a kan abu guda mai sauƙi: mace mai saniya ɗaya ko biyu ta kawo madararta safe da yamma, a auna, a biya ta ba tare da ja-in-ja ba. Manyan injunan daga baya suka zo.

Akwai abin da masu lissafin aikin yi kan manta, wato inda kuɗin manomi ke zuwa. Idan ma'aikacin babban kamfani ya karɓi albashi, rabinsa a birni yake ƙarewa. Idan manomin lambu ya sayar da barkono a watan Maris, zai sayi kwanon rufi ya kira kafinta, zai kira magini ya ƙara ɗaki, zai kai yadi wurin tela, zai sayi babur wanda gobe zai buƙaci mai faci da makanike, matarsa za ta sami jarin ƙosai, ɗansa zai buɗe rumfar cajin waya. Yawancin ayyukan da ke tsirowa a karkara ba a gona suke ba, a gefen gona suke, amma gonar ce ke shayar da su. Mu mutanen Kumasi bai kamata a yi mana dogon bayani a kan wannan ba, tun da muna da Suame Magazine a gabanmu. Babu ministan da ya yanke kyallen buɗe ta. Motocin da ke zirga-zirga tsakanin kudu da arewa ne suka buƙaci gyara, sai maƙera da masu walda da makanikai suka taru, har ta zama ɗaya daga cikin manyan matattarar masu sana'ar hannu a Afirka, inda ake ƙera injin niƙa da injin gurzar rogo da ake kaiwa ƙauyukan.

Hanya kuwa ba ta buƙatar dogon jawabi. Doya tana ruɓewa a Afram Plains saboda tsadar fito da ita, kuma hanyar gabas da ta bi ta Nkwanta da Bimbilla zuwa Yendi ta cinye alkawuran gwamnatoci da dama. Amma ni hanyar da ta fi damuna ita ce ƙaramar nan ta kilomita goma daga ƙauye zuwa bakin kwalta, wadda kwalbati ɗaya da ya karye kan yanke ta tsawon damina. Dillalin da ya sha wahala ya isa irin wannan ƙauye shi kaɗai ne mai saye, don haka shi ke yanka farashi. Ranar da aka gyara hanya dillalai uku suka iso, ranar manomi ya fara ciniki. Keken nan mai ƙafa uku da muke ce wa aboboya, tare da wayar hannu da aika kuɗi ta waya da aka fara a 2009, sun samar wa samarin ƙauye aikin da ya fi na shirye-shiryen gwamnati da yawa, kuma ba wanda ya tsara musu. Wutar lantarki ma mun yi ƙoƙari a kanta tun shirin 1989, mun wuce yawancin maƙwabtanmu, sai dai wutar da ke kunna ƙwai da talabijin daban take da wadda ke juya injin casa, kuma ƙauyuka da yawa ta farkon kawai suka samu.

Sai maganar jari, domin da ruwan ciki ake jan na rijiya. Injin ban ruwa da bututu da iri da taki ba su fi ƙarfin ɗan kasuwa matsakaici ba, amma sun fi ƙarfin saurayin da bai mallaki kome ba sai ƙarfinsa. An kafa bankin karkara na farko a Agona Nyakrom a 1976 don irin wannan buƙata, kuma bankunan sun yaɗu. To amma a ƙasar da hauhawar farashi ta haura kashi 54 cikin ɗari a Disambar 2022, babban banki kuma ya kai ruwansa kashi 30 a 2023, wace gona ce za ta biya bashin banki ta bar wa mai ita abin sawa a baki? Ga kuma tabon da rushewar kamfanonin ba da ƙananan basussuka ta bari, waɗanda babban banki ya soke lasisin fiye da ɗari uku daga cikinsu a 2019, bayan kuɗin talakawa da yawa ya maƙale. A wurinmu Musulmi akwai ƙarin damuwa ta riba, wadda ke hana mutane da dama kusantar banki ko da an sauƙaƙa. Shi ya sa har yanzu adashe da bashin ɗan kasuwa suke riƙe da karkara. Bashin ɗan kasuwa kuwa wuƙa ce mai baki biyu. Yakan ceci manomi a lokacin shuka, ya kuma yanka shi a kaka, idan an ɗaure shi ya biya da hatsi a farashin da hatsi ya fi araha.

Ƙasar noma ma tana da nata ƙulli. Mafi yawan filayen ƙasar nan a hannun sarakuna da dangi da masu ƙasa na gargajiya suke, kuma wannan tsari ya hana mutane da yawa zama marasa gona, abin a yaba ne. Matsalar tana ga wanda ke son ya zuba dukiya mai daɗewa. Baƙo ko mace ko ƙaramin ɗa a gida ana iya ba shi aron fili ya shuka masara, amma ranar da ya haƙa rijiya ko ya dasa yazawa sai a tuna masa cewa filin ba nasa ba ne. Wa zai haƙa rijiya a gonar da za a iya karɓewa baɗi? Dokar filaye ta 2020 ta yi ƙoƙarin sa a riƙa rubuta irin waɗannan yarjejeniyoyi, amma takarda a Accra ba ta zama al'ada a ƙauye sai sarakuna sun rungume ta. Sama da wannan duka akwai zaman lafiya. Rikicin Bawku ya kori 'yan kasuwa da ma'aikata daga garin da ke kan mahaɗar ƙasashe uku, kuma faɗan manoma da makiyaya a Agogo ya sa an bar gonaki da dama. Jari matsoraci ne, ƙarar bindiga ɗaya ta ishe shi ya tattara.

Masu cewa matasan yanzu ba sa son wahala su je ramukan galamse, wato haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, su gani. Saurayin da ke wuni cikin laka har ƙirji, yana kasadar rami ya rufta masa, ba rago ba ne. Ya je can ne saboda zinariya tana da mai saye a bakin rami, kuma kuɗi a hannu ake biya. Ina ƙyamar abin da wannan haƙa ta yi wa kogunan Pra da Offin da Ankobra, da gonakin koko da aka tone, kuma ina ganin ɓarnar za ta kashe ayyukan da suka fi waɗanda ta samar yawa. Amma ta nuna mana abin da ke jan matashi: tabbacin cewa guminsa zai koma kuɗi ba da daɗewa ba. Noma bai ba shi wannan tabbaci ba.

A nan ne gwamnati ke da aikin da ya fi yanke kyalle muhimmanci, wato ta zama mai saye na gari, ta kuma kula da ƙofar shigowa. Shinkafar Vietnam da Thailand ta cika shagunanmu, kajin da aka daskarar a Turai da Brazil sun fi na Dormaa Ahenkro araha, yazawar Techiman da Wenchi kuma ɗanya ake fitar da mafi yawanta zuwa Indiya da Vietnam, can ake fasa ta, can ake biyan masu fasawa. Ba na cikin masu cewa a rufe iyaka dare ɗaya, domin talakan Aboabo ne zai fara jin yunwa kafin manomin shinkafa na Fumbisi ya cike giɓin. Amma muna da shirin ciyar da 'yan makaranta tun 2005, muna da kamfanin ajiyar abinci na ƙasa tun 2010, muna da makarantun sakandare na kwana da ake ciyarwa kyauta tun 2017, ga barikoki da asibitoci da gidajen yari. Da dukan waɗannan bakuna suna cin shinkafar Tono da wake da masarar gundumarsu, ana kuma biya cikin wata guda, da sun zama kasuwar da ba ta yankewa. Abin takaici, labarin da aka fi ji shi ne na masu dafa abinci da masu kawo kaya suna bin bashi wata da watanni. Mai sayen da ba ya biya ya fi rashin mai saye illa, domin ya ɗauke kayan ya kuma ɗauke jarin.

Na san wani zai ce duk wannan ɓata lokaci ne, domin babu ƙasar da ta yi arziki mutanenta suna ƙauye, kuma ƙaura zuwa birni ba ta tsayuwa. Akwai gaskiya a ciki, ni ma ɗan birni ne kuma jikan baƙi. Ba ina nufin a ɗaure kowa da fartanya ba. Sai dai akwai bambanci tsakanin wanda ya zo birni da jari ko sana'a saboda ya ga dama, da wadda ta zo da kwano saboda rani ya kore ta. Kuma tsakanin ƙauye da Kumasi akwai matakala: Techiman da Kintampo da Ejura da Walewale da Yendi, garuruwan da idan karkarar da ke kewaye da su ta sami kuɗi za su iya riƙe masu casa da masu walda da masu sayar da taki, mutum ya yi aiki da rana ya kwana kusa da iyayensa.

Saura namu laifin, mu mutanen Zango. Mu ne masu sarin masara a Ejura, mu ne masu albasa da shanu da goro da wake, mu muka san farashin Techiman da na Accra a rana ɗaya, motocinmu ne ke shiga ƙauyukan da jami'in gwamnati bai taɓa takawa ba. Abin da masana ke ta taro a otal suna nema, wato haɗa manomi da kasuwa, shi ne sana'ar kakanninmu. Amma ribar da muke samu daga ƙauye kusan duka a birni muke binne ta, a bene da fili da shagulgulan biki, ƙauyen da ya ba mu kaya kuwa ba mu bar masa ko rumbu ba.

Wani kawuna mai sarin barkono ya gwada wata hanya shekaru kaɗan da suka wuce, ba don tausayi ba, don kaya na yanke masa a rani. Ya sayi ƙananan injunan ban ruwa ya ba wasu manoma uku da ya daɗe yana hulɗa da su a wani ƙauye na bakin kogi, bisa sharaɗin su biya shi kuɗin injin a hankali ba tare da ƙari ba, su kuma fara tallata masa kaya a farashin ranar kafin su nemi wani. Na tambaye shi, "Kawu, idan suka ci amana fa?" Ya ce, "Ɗana, ɗaya ya ci, biyu sun riƙe, kuma biyun sun fi ƙarfin asarar ɗayan." Yanzu a watan Fabrairu yana da barkono lokacin da abokan cinikinsa ke jiran motar Burkina. A gonakin nan biyu mata ne ke tsinka, akwai yaron da ya koyi gyaran injin har maƙwabta suna kiran sa, akwai mai aboboya da ke fito da buhuna bakin titi. Bara ya so ya ƙara mutum biyar, sai mai ƙasa ya ce filin bakin kogin aro ne na shekara ɗaya ɗaya, ba zai sa hannu a kan shekara biyar ba. Kawu ya ce zai koma da goro bayan Sallah su sake zama.